Ƙarshen Layi a Rubutun Manhaja: Martani ga Richard Hipp

Kwamfuta ba ta ganin layi yadda ido ke ganinsa. Abin da ke cikin fayil lambobi ne a jere, kowane harafi da tasa, kuma wurin da layi ya ƙare shi ma wata lamba ce da aka saka a tsakani, wadda ba ta bayyana a fuskar allo. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, lambobi biyu ne ke wannan aiki: lamba 13 da ake kira CR, mai nufin a koma farkon layi, da lamba 10 da ake kira LF, mai nufin a sauka layi na gaba. Windows na haɗa su biyun, CR sannan LF, wato CRLF. Linux da Android da macOS na yanzu LF kaɗai suke sakawa. Tsoffin kwamfutocin Apple, kafin fitowar Mac OS X a 2001, CR kaɗai suke sakawa. Duk manhajar da aikinta shi ne ta karanta umarnin da mai tsara manhaja ya rubuta ta feɗe shi gaɓa-gaɓa, wadda za a riƙa kira mafeɗi a nan, sai ta san wanne daga cikin ukun take ɗauka a matsayin ƙarshen layi.

A watan Oktoba na 2024, D. Richard Hipp ya fitar da wata gajeriyar maƙala yana kira da a yi wa CRLF jana'iza. Hipp ba ƙaramin mutum ba ne a wannan fage. Shi ya ƙirƙiro SQLite a 2000, ma'ajiyar bayanan da ke cikin kowace wayar Android, don haka aikin hannunsa na cikin aljihun mai sayar da hatsi a Shanono ta Jihar Kano ko da bai taɓa jin sunansa ba. Hujjarsa ita ce CR ragowar zamanin injinan buga saƙo ne, ba ya tsinana komai a yau sai wahalar da masu rubuta manhaja da ɓarnar data. Shawararsa kuwa a daina aika shi, har a wuraren da ƙa'ida ta wajabta shi kamar imel da HTTP da fayilolin CSV, kuma duk manhajar da ta shaƙe don ba ta ga CR ba, ita ce za a gyara. Bayan 'yan kwanaki ya janye kiran, bisa dalilin cewa manhajojin da suka dogara da CRLF sun fi yadda ya zata yawa, kuma jama'a ba su mara masa baya ba. Kiran ne ya janye. Hujjar tana nan, tana da daɗin ji, kuma ita ce ke buƙatar amsa.

A ɓangaren tarihi Hipp ya yi daidai. Duk wanda ya taɓa ganin akawu yana aiki da tafireta a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a kotu ya san motsi biyu ake yi idan layi ya cika: a tura abin da ke riƙe da takarda ya koma gefe, a kuma murɗa takardar ta hau sama. Donald Murray ya ba kowane motsi lambarsa a tsarin wayar tangaraho da ya tsara a 1901. Injin Teletype samfurin 33, na 1963, yana buga haruffa goma a daƙiƙa ɗaya, kuma kan bugun yana ɗaukar fiye da lokacin harafi ɗaya kafin ya dawo farkon layi. Shi ya sa ake fara aika CR, sannan LF ya biyo baya yana murɗa takarda yayin da kan ke kan hanyarsa ta dawowa. Masu tsara Multics suka ga ya fi sauƙi a ajiye LF kaɗai a fayil, a bar wa manhajar da ke tuƙa injin ta ƙara abin da injin ke so, kuma Unix ya gaji haka. CP/M na Gary Kildall ya riƙe su biyun, MS-DOS ya gaje shi a 1981, Windows ya gaji MS-DOS. Ba wani kan bugu da ke gudu a cikin waya ko kwamfutar cinya, wannan gaskiya ne.

Maganar ɓarnar data ba ta da nauyi. CR bayit ɗaya ne a kowane layi. Jerin sunaye mai layi 10,000 zai ƙaru da bayit 10,000, abin da bai kai hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba.

Kuskuren farko da ke cikin hujjar shi ne tana magana kamar mafeɗi ne ke zaɓar abin da za a kawo masa. A ɗauki misali daga Shanono, ƙaramar hukumar da ke arewa maso yammacin Jihar Kano, kan iyaka da Jihar Katsina. Ƙungiyar manoma ta haɗa sunayen 'ya'yanta don rabon taki. Aka kai shagon buga takardu, aka shigar a Excel a kan Windows, aka ajiye a matsayin CSV, wanda ƙa'idarsa ta 2005, RFC 4180, ta ce CRLF ne ke raba layuka. Aka tura wa wani ɗalibi ɗan garin da ke koyon kwamfuta, ya rubuta ɗan gajeren umarni a kan Linux da zai gwada lambar NIN ta kowane manomi da wani jerin daban. Lambar NIN alƙaluma 11 ce. Idan ita ce a ƙarshen layi, kuma umarnin nasa a LF kaɗai yake yanka, kowace lamba za ta fito da CR manne a wutsiyarta, ta zama haruffa 12. A allo ba a ganin bambanci ko kaɗan, amma ko manomi ɗaya ba zai dace ba. Haka kuma idan ɗalibin ya rubuta umarnin nasa a Windows ya kai Linux: layin farko da ke cewa a yi amfani da bash zai zama bash da CR a haɗe, sai na'urar ta ce ba ta san wannan tafinta ba, tana nuna ^M, wato CR, a ƙarshen sunan.

Hipp zai ce wannan ai hujjarsa ce, da babu CR da ɗalibin bai sha wahala ba. Sai dai fayil ɗin ya riga ya wanzu, mai shagon bai san da wani kira ba, kuma bai karya dokar kowa ba. Ɗalibin da ya ɗauki cewa CR ya mutu shi ne zai rubuta mafeɗin da bai tanadi zuwansa ba. A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake: sai a 2018 Notepad na Windows ya koyi nuna fayil mai LF kaɗai daidai, kafin nan yana jera komai a layi ɗaya mai tsawo. Tsoffin kwamfutocin da ba a sabunta su ba suna nan suna aiki a shaguna da makarantu.

Kuskure na biyu ya fi girma. A ƙasar noma mai cunkoso irin ta karkarar Kano, inda gona ke manne da gona ba daji a tsakani, ana shaida iyaka da layin gamba ko aguwa ko wata bishiya da kowa ya sani, wani lokaci da biyu daga cikinsu a wuri ɗaya. Yawan shaida bai taɓa kai kowa gaban dagaci ba. Abin da ke kai mutane shi ne wannan ya ce iyakar a gamba take, wancan ya ce a kunyar da ke bayanta take. Wanda ya tumɓuke gambar da dare don a ganinsa bishiyar ta wadatar, ko da lissafinsa daidai ne, ya buɗe ƙofar rigima, domin maƙwabcinsa da gambar yake auna. Shawarar a daina aika CR a inda ƙa'ida ta wajabta shi irin wannan ce. Tana tilasta wa masu karɓa su sassauta, kowa da irin nasa sassaucin, ba tare da an zauna an daidaita ba.

An ga inda hakan ke kaiwa watanni goma kafin maƙalar tasa. Ƙa'idar aika imel, SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ta ce saƙo yana ƙarewa da CRLF, sai aya, sai CRLF. Da tafiya ta yi tafiya, wasu sabobin karɓar imel suka riƙa yarda da LF kaɗai a wannan wuri, don sauƙaƙa wa masu aikawa marasa bin ƙa'ida. A Disamba 2023 Timo Longin na kamfanin SEC Consult ya nuna yadda za a ci gajiyar wannan. Mutum ya cusa LF da aya a tsakiyar saƙonsa. Sabar da ke aikawa ta ɗauke su a matsayin rubutu ta wuce da su. Sabar da ke karɓa ta ɗauka saƙon ya ƙare, ta karanta abin da ya biyo baya a matsayin sabon saƙo, mai ɗauke da sunan duk wanda ɗan damfarar ya ga dama, kuma ga shi ya fito daga sabar da aka amince da ita. Postfix da Sendmail da Exim duk sai da aka yi musu gyara, kuma gyaran tsanantawa ne a kan LF maras CR. Lokacin da Hipp ke kira a riƙa aika LF tsurarsa, masu kula da imel suna cikin toshe masa hanya ne.

A rubutun manhaja ma saɓanin masu karatu biyu ne ke yin ɓarna, kuma a nan masu karatun su ne idon mutum da mafeɗi. Ƙarshen layi yana da hukunci a harsuna da yawa. A Python shi ke rufe umarni. A JavaScript, wanda ya rubuta return ya sauka layi kafin ya rubuta abin da za a mayar, harshen zai saka masa waƙafi mai ruwa a nan take, kuma ba abin da za a mayar. A C, alamar \ a ƙarshen layi tana haɗa shi da na ƙasa, amma sai idan ita ce harafi na ƙarshe, don haka mafeɗin da bai san CRLF ba zai ga CR a bayanta ya ƙi haɗawa. Wurin da ya fi haɗari shi ne sharhin gefe, wato bayanin da ke farawa da // ya tafi har ƙarshen layi, wanda na'ura ke tsallakewa. A Go, LF ne kaɗai ke rufe irin wannan sharhi. Idan aka saka CR tsurarsa a ciki, kuma manhajar da ake duba rubutun da ita ta nuna shi a matsayin sabon layi, mai dubawa zai ga umarni a tsaye alhali harshen ya haɗiye shi cikin sharhi. A JavaScript akasin haka ke yiwuwa, domin harshen ya yarda da alamomi huɗu: LF da CR da wasu biyu na Unicode, U+2028 da U+2029. Abin da ido ke gani sharhi ne zai iya ƙunsar umarni mai aiki. Java ma na da tasa: tana fassara \u000a zuwa LF tun kafin ta fara raba layuka, sai waɗannan haruffa shida su rufe sharhi a tsakiyar layi.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan harsuna da ya magance matsalar ta hanyar shelar cewa CR ya mutu. Kowanne ya rubuta hukuncinsa a littafin ƙa'idarsa. Python da Java sun ambaci ukun duka, LF da CRLF da CR, kuma Python ta shigar da karanta kowannensu tun sigar 2.3 ta 2003. Go ta ce CR fili ne kamar tazarar da ke tsakanin kalmomi. Rust tana mayar da CRLF ya zama LF tun tana ɗauko fayil, kuma tana ƙin CR tsurarsa a cikin zancen da aka saka tsakanin alamomin zance. XML 1.0 ta umarci mafeɗi ya mayar da CRLF da CR su zama LF kafin ya fara komai. Inda zance ya ratsa layuka da yawa, an ƙara kulawa: JavaScript tun 2015, da Java tun siga ta 15 a 2020, suna mayar da ƙarshen layin da ke cikin irin wannan zance ya zama LF, Go kuwa tana zubar da CR ɗin. Dalili shi ne kada manhaja ɗaya ta ba da sakamako biyu don kawai wannan ya ajiye ta a Windows wancan ya ajiye a Linux. Abin lura a nan shi ne harsunan sun kai ga abin da Hipp ke so, wato LF kaɗai a ciki, amma sun yi shi a bakin ƙofar mai karatu, bisa rubutacciyar doka da kowa zai iya dubawa. Ba su nemi mai aikawa ya saɓa wa yarjejeniya ba.

Akwai masu jin wannan su faɗa ɗaya ramin, su ce to a share duk CR da aka gani, ko a yanka a duk abin da ya yi kama da ƙarshen layi. Dukansu biyun suna ɓarna. Fayil ɗin CSV na iya ɗaukar saukar layi a cikin gida ɗaya, kamar adireshin da aka rubuta a layi biyu, kuma Excel na saka LF a cikin gidan, CRLF a tsakanin layuka. Mai yanka ba tare da lura da alamar zance ba zai raba manomi ɗaya gida biyu. Fayil ɗin da ba rubutu ba kuwa, taɓa waɗannan lambobi lalata shi ne. Masu tsara hoton PNG sun san haka, shi ya sa a cikin bayit takwas na farkon kowane hoto suka dasa CRLF da kuma LF da gangan, don a gane nan take idan wata manhaja ta yi musu gyaran da ba a sa ta ba.

Yanka a ko'ina kuma yana da illar da ta shafi masu rubutun ajami kai tsaye. Unicode na da wata alamar ƙarshen layi, NEL, mai lamba 133, wadda ta yi daidai da alamar ƙarshen layin manyan injinan IBM. A tsarin UTF-8, harafin mim bayit biyu ne, 217 da 133. Idan aka buɗe fayil ɗin ajami bisa kuskure a tsohon tsarin Latin-1, sannan aka sa aikin splitlines na Python ya raba layuka, zai yanka a cikin kowane mim, domin 133 na cikin abubuwan da yake ɗauka ƙarshen layi. Sunan Muhammadu, mai mim biyu, zai tashi gida uku. Haruffan boko masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba su da wannan bayit, za su dai rikiɗe su zama tarkace ba tare da an yanka su ba. A tsarin Windows-1252 kuma wannan lamba 133 alamar zarce ce, ɗigo uku. Ken Thompson da Rob Pike, da suka tsara UTF-8 a 1992, sun tabbatar 10 da 13 ba za su taɓa faɗowa a cikin harafi mai bayit da yawa ba, amma 133 ba ta samu wannan kariya ba. Saboda haka tsarin aiki yana da muhimmanci: a fara gane haruffa, sannan a nemi layuka.

Yadda mafeɗi mai kyau ke yi ba shi da tsawo. Idan ya ga LF, layi ya ƙare. Idan ya ga CR, sai ya leƙa gaba: LF na biye, su biyun ƙarshe ɗaya ne, ba ya biye, sai ya bi abin da ƙa'idar harshen ta ce, ya karɓa ko ya ƙi da bayani mai ma'ana. Wanda ya ƙirga su biyun daban-daban zai ce kuskure na layi na 79 alhali a na 40 yake, ɗalibi ya yi ta nema a inda babu. Wurin da ko ƙwararru ke tuntuɓe shi ne karatu kashi-kashi. Ba a ɗauko babban fayil gaba ɗaya, ana ɗebo shi ne kamar bayit 4,096 a lokaci guda, kuma wata rana CR zai faɗo a ƙarshen ɗiba ɗaya, LF a farkon ta gaba. Mafeɗin da bai riƙe a ransa cewa ya bar CR a baya ba zai ƙirƙiro layin da babu kowa a ciki, sau ɗaya a cikin dubbai, kuma irin wannan kuskure ne ke ƙin bayyana a ranar gwaji.

Wajen rubutawa ma akwai tarko. A Windows, fayil ɗin da aka buɗe a matsayin rubutu yana mayar da kowane LF ya zama CRLF da kansa. Manhajar da ta riga ta saka CRLF da hannunta sai ta tashi da CR biyu, kuma Excel ya nuna layi fanko a ƙarƙashin kowane suna. Shi ya sa jagorar Python ta ce a kashe wannan juyi idan za a buɗe CSV. Manhajar da ke gyara rubutun wani kuwa, ladabinta ta mayar da shi da irin ƙarshen layin da ta same shi, in ba haka ba Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don bin sawun canje-canje, zai nuna an sauya kowane layi alhali kalma ɗaya aka taɓa. Masu aiki tare suna rubuta matsayarsu a fayil ɗin .gitattributes, su ce umarnin bash ya zauna da LF, na .bat ya zauna da CRLF, kuma matsayar tana tafiya da aikin duk inda aka kai shi.

Saura layin ƙarshe na fayil, wanda kawar da CR ba zai taɓa shi ba. A ƙa'idar POSIX, layi shi ne abin da ya ƙare da LF, don haka rubutun da ya tsaya ba tare da ita ba bai cika layi ba. Manhajojin Windows da yawa kuwa suna ɗaukar alamar a matsayin mai raba layuka, ba sa saka ta a ƙarshe, kuma RFC 4180 ta yarda layin ƙarshe na CSV ya zo da ita ko babu. Umarnin wc -l yana ƙirga LF ne, sai ya ce 499 a jerin mutum 500. Zagayen while read na bash, in ba a yi masa tanadi ba, yana tsayawa kafin ya yi aiki a kan wannan layi. A jerin rabon taki na ƙungiyar manoman nan, wanda aka rubuta sunansa a ƙarshe shi ne ba zai fito ba.